Naira da Sefa a Bakin Buhun Masara

A kasuwannin hatsi na kudancin Katsina, daga Ɗandume da Funtuwa zuwa Bakori da Sheme da Ƙafur, akwai wani mai saye da dillalai ke ganewa tun kafin ya yi sallama. Yakan zaga ya soka hannu cikin buhu, ya murza ƙwayar masara, ya ciza ya ji ko ta bushe, amma ba zai taya ba sai ya koma gefe ya buga waya. Ba kuɗin mota yake tambaya ba, ba kuma farashin Dawanau ba. Tambayarsa ɗaya ce: nawa jika take yau? Amsar da ɗan canjin Maraɗi ko na Magamar Jibiya ya ba shi ita za ta nuna ko ya loda tirela biyu a ranar, ko ya sha fura ya koma masauki. Manomin da ya ɗauko buhu goma daga wani ƙauyen Malumfashi, wanda mai yiwuwa bai taɓa riƙe takardar sefa ba tun da aka haife shi, da wannan amsar za a yi masa ciniki. A duk lokacin da abinci ya yi tsada, kan wannan mai wayar da ɗan canjin da ya amsa masa ake sauke laifi, sai a ce a rufe iyaka. Ina ganin an yi kuskuren gane mai laifin. Lambar da ɗan canji ke faɗi ba shi ya ƙirƙire ta ba, kuma idan aka toshe hanyar Jibiya, manomin da ake cewa ana karewa shi ne yake biyan tarar.

Kafin a shiga lissafi sai an san harshen cinikin, domin baƙo yakan ruɗe. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya. Sefa 5 ita ce dala, saboda haka idan Bamaraɗe ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, ba ruwansa da kuɗin Amurka. Sefa 1,000 kuwa ita ce jika. A wannan gefen, tsofaffin 'yan kasuwa har yanzu sukan ce jaka suna nufin naira 200, wato fam ɗari na da. Kalmomin sun girmi naira, sun girmi sefa. Dala ta samo suna ne daga azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Teriza ta Ostiriya da fatake suka yi ta yawo da ita a ƙarni na 19, ita kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Katsina da Maraɗi sun daɗe ba sa ga maciji tun da sarakunan Haɓe suka bar birni bayan jihadi suka kafa sabon gari a arewa, amma ko a lokacin gabar, wuri ɗaya ake ƙirgawa a kasuwannin biyu. Sai da Ingila da Faransa suka ja layi a farkon ƙarni na 20 sannan ɗan'uwa ya fara buƙatar mai canji kafin ya sayi geron ɗan'uwansa.

Yadda lambar ke fitowa ba wani sihiri ba ne. Sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya tun ranar 1 ga Janairun 1999. Yuro kuma tana hawa da sauka a gaban dalar Amurka a kasuwannin duniya, naira ma da dalar ake auna ta. Idan aka ɗauka Yuro tana kan dala 1.08, to dala ɗaya ta kama sefa 607 ke nan. Idan kuma dalar tana naira 1,500, sai a raba 1,000 da 607 a ninka da 1,500, jika ta tashi kusan naira 2,470. Ɗan canji zai saya a ƙasa da haka kaɗan, ya sayar a sama kaɗan, ɗan tsakanin nan shi ne abincinsa. Idan ya zarce gona da iri, na kusa da shi zai janye masa mutane, ko kuma mai kuɗin ya aika Wapa a Kano a canza masa ta hanyar dala. Yana iya ɗan karkata farashin a ranar da masu neman naira suka yi yawa, misali gab da babbar salla idan masu raguna sun shigo, ko ranar da aka tsaurara boda, amma gangar jikin lambar a Abuja da Legas da Farankfot ake sassaƙa ta. Shekarar 2025 ta nuna wannan a fili. A rabin farko na shekarar naira ba ta motsa sosai a gaban dala ba, amma Yuro ta tashi daga wajen dala 1.03 zuwa wajen 1.17, sai jika ta ƙara tsada a Jibiya alhali babu abin da ya faru a Katsina ko Maraɗi da zai sa hakan.

Abin da ya sa ƙafa ɗaya ta wannan lissafi take tsaye cik, ɗayar kuma take rawa, tarihin kuɗin biyu ne. An haifi sefa ranar 26 ga Disamban 1945, da sunan kuɗin ƙasashen Afirka da Faransa ke mallaka. Da aka samu 'yancin kai sai aka sauya ma'anar haruffan da suka haɗa sunan sefa aka bar tsarin. Nijar ta zauna a ciki, Gini ta fice a 1960, Mali ta fita a 1962 ta sha wuya ta dawo a 1984. Yau ƙasashe takwas na yammacin Afirka ke amfani da ita a ƙarƙashin babban banki guda, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. Sefar Kamaru da Cadi daban take, da nata bankin a Yawunde, ko da yake darajarsu ɗaya a hukumance. Yarjejeniyar ita ce Baitulmalin Faransa ya tsaya wa kuɗin, ya lamunce cewa za a iya mayar da su kuɗin Turai a ƙayyadadden farashi. A madadin haka ƙasashen suka yarda su ajiye wani kaso na kuɗaɗensu na waje a Faransa, wanda ya sauko zuwa rabi kafin a sanar da soke sharaɗin a Abijan a Disamban 2019. Tun daga 1948 sau ɗaya tak aka kwance wannan ɗauri, a Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100. Akwai kuma wani sharaɗi da ba a cika maganarsa ba, wanda ni a wurina ya fi lamunin Faransa nauyi: gwamnatin Yamai ba ta da ikon ɗaga waya ta ce wa Dakar a buga mata kuɗi ta biya albashi. An rufe ƙofar ba gwamnatoci bashi kai tsaye daga babban bankin tun a farkon shekarun 2000.

Naira ta bi wata hanya dabam. Fam da sule da sisi da taro da kwabo na hukumar kuɗin yammacin Afirka da Ingila ta kafa a 1912 su ne aka yi cinikin auduga da su lokacin da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injin gurzar auduga a garin. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959 da fam ɗinsa na kansa, sannan ranar 1 ga Janairun 1973 aka kawo naira, biyu a bakin fam ɗaya. Babu wata ƙasar waje da ta tsaya mata, babu kuma wadda za ta ce mata kul. A 1980, ana cikin ɗumin kuɗin fetur, kwabo 55 ke sayen dalar Amurka a hukumance, naira ɗaya ta haura sefa 350. Daga Satumban 1986, da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, aka fara gangara: wajen naira 4 a 1987, naira 22 a hukumance zamanin Abacha alhali kasuwa na sayarwa sama da 80, wajen 197 a 2015, wajen 460 a watan Mayun 2023, sannan sama da 1,500 a 2024 bayan an haɗe farashin hukuma da na kasuwa. Jikar da ake canzawa a ɗari uku da ɗoriya a shekarun 2010 zuwa 2014 ta kai wajen ɗari shida a 2018, ta haura dubu biyu a 2024. Babbar takardar Nijar ita ce jika goma. A 2024 wanda ya miƙa ta guda ɗaya, sai an lissafo masa 'yan dubu-dubu ashirin da wani abu, ita kuwa 'yar dubun ita ce babbar takardarmu tun 2005. Dalilan faɗuwar suna da yawa, dogaro da fetur na gaba-gaba, amma akwai ɗaya da yake kishiyar abin da aka faɗa kan Dakar. Dokar Babban Bankin ta 2007 ta ce bashin wucin gadi da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A 2023 bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, har sai da majalisa ta mayar da shi na dogon zango. Kuɗin da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara ko damin dawa ɗaya a rumbu ba, dole su bayyana a farashin tiya da kuma bakin ɗan canji.

A nan ne manomin Funtuwa ya shiga tsaka mai wuya, domin abin da yake zubawa a gona da dala ake yi masa kuɗi. Takin NPK ana haɗa shi ne a cikin gida, amma sinadaran fosfet da fotash daga waje ake shigo da su, na farkon galibi daga Maroko. Yuriya ana yin ta a Legas da Fatakwal, sai dai kamfanonin suna da masu saye a ƙetare, saboda haka ba za su sayar a gida da arhar da ta yi nisa da abin da za su samu a jirgin ruwa ba. Maganin ciyawa da na tsutsa, injin ban ruwa, kayan gyaran tarakta, duk haka suke. Buhun takin da aka sayar naira 5,500 a shirin gwamnatin tarayya na 2017 ya haura naira 30,000 a 2024. Abin da ya rage wa manomi ya rama da shi guda ɗaya ne, wato a samu mai sayen da kuɗinsa bai narke ba, kuma mafi kusa da shi a irin waɗannan shi ne mai sefa. Idan hukuma ta bar taki ya bi dala, ta kuma hana masara bin sefa, ta ɗora wa manomi haraji ke nan ba tare da ta kira shi haraji ba. Ba sabon abu ba ne a yankin. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940 haka suka riƙa sayen audugar Funtuwa da Malumfashi ƙasa da farashin duniya har aka rushe su a 1986.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai cewa, talakan birni ba shi da gona, albashinsa da naira ne, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Shin a zuba ido tireloli na ficewa yaransa na kwana da yunwa? Ga kuma doka, domin tun 1989 masara na cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa. A Fabrairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ba da labarin an tare motoci 45 na masara za su fice, nan take buhu ya sauko daga naira 60,000 zuwa 50,000. Ban musa cewa tare mota yana saukar da farashi na mako biyu ba. Abin dubawa shi ne ko motocin ne suka hau da shi tun farko. Mutanen Nijar duka ba su kai miliyan 30 ba, gero ne kuma abincinsu na yau da kullum, alhali Najeriya na noma masara sama da tan miliyan 10 a shekara, kuma manyan masu kwasarta su ne kamfanonin abincin kaji da masana'antun kudu. A wannan lokacin doya da garin rogo da maganin zazzaɓi da kuɗin mota duk sun yi tashin gwauron zabo, ba kuwa Maraɗi aka kai su ba. Ƙari a kan haka, iyakar a rufe take a hukumance tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ba a buɗe ta ba sai a Maris 2024, watau tsadar ta fara ƙamari ne tun a watannin da ƙofar ke garƙame. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, 'yan bindiga sun hana noma a sassan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume. Waɗannan sun isa su bayyana tsadar ba sai an nemo baƙo ba. Rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ma ba ta bar abinci da arha ba. Abin da rufe iyaka ke yi tabbas shi ne mayar da kaya daga kwalta zuwa hanyar daji, daga tirela zuwa babura da amalanke, a ƙara yawan hannuwan da za a sallama, kuma duk abin da aka kashe a hanyar daga kuɗin mai gona ake zabge shi.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na masu cewa ai ba manomi ke cin ribar sefa ba. Ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da mai bashin taki ke zaune a ƙofar gida, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka sa rana. Wanda zai sayar wa Bamaraɗe da bazara shi ne mai sito. Haka ne, kuma ba ƙaramin zalunci ba ne. Amma mai siton nan da wane lissafi yake saye da kaka? Da abin da yake sa ran samu a watan Afrilu da Mayu. Idan ya san za a tare masa mota, ko a garƙame masa sito da sunan ɓoye abinci kamar yadda aka yi a Dawanau a farkon 2024, ba zai daina saye ba, zai rage tayi ne. Raguwar masu saye a kasuwar Bakori ba ta taɓa zama alheri ga mai buhu biyar ba. Maganin matsalarsa wurin ajiya ne da bashin da zai ba shi damar jira, ba korar wanda ya zo da kuɗi ba. An kuma ga ɗaya fuskar a 2025. Bayan an ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 a 2024, hatsi ya faɗi warwas, taki bai sauko ba, manoma da dama a yankin suka koka cewa ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba, wasu suka karkata ga waken suya da ba ya cin taki kamar masara.

Akwai kuma masu kallon lambar kanta da takaici, suna cewa yaya za a yi kuɗin Nijar su fi na Najeriya. Yawan naira a jika ba ma'aunin arziki ba ne, kuɗin Japan ma sai an tara sama da ɗari kafin a sayi dala ɗaya. Abin da sefa ta fi naira shi ne riƙe daraja, shi ya sa ɗan kasuwar kan iyaka da ya samu riba yakan juya wani abu zuwa sefa ya adana, shi ya sa kuma a farkon 2023, da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi suka ɓace, wasu garuruwan kan iyaka suka koma ciniki da ita. Amma wannan kwanciyar hankali da tsada aka saye ta. Bayan juyin mulkin 2023 bankin Dakar ya riƙe kuɗaɗen gwamnatin Nijar, bankunan Yamai da Maraɗi suka ƙayyade abin da mutum zai cira daga asusunsa. Ƙasar da ba ta da iko da kuɗinta ba ta iya sassauta su idan fari ya zo, bashin banki kuma ya fi ƙarfin manomi. Su ma masu kewar zamanin da naira ta fi dala su tuna abin da ya samu gonar Funtuwa a lokacin. Naira mai ƙarfin da fetur ya hura ta sa shinkafa da alkama da yadin waje suka yi arha, audugar gida ta rasa kasuwa a ƙetare, dalar gyaɗar Kano ta ɓace, ko da yake farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun yi nasu. Ma'aikacin gwamnati ya ji daɗin wancan zamani, mai garma bai gani a ƙasa ba.

Hanyar Jibiya kuma ba gefe ɗaya take gudu ba. Motar da ta kai masara da dawa ba ta dawowa wayam, takan ɗauko shanu da raguna da wake da aya da albasar Galmi. Makiyayin da ya sayar da sa a Najeriya da naira ake biyansa, kuma ba abin da zai yi da ita a gida in ba ya canza ta ko ya sayi hatsi ya koma da shi ba. Wani kaso mai yawa na sefar da ke shigowa Ɗandume, nairar da muka biya kuɗin nama ce ta zagayo. Idan naira ta faɗi, shi wannan makiyayin asara yake yi, sa ɗaya ya koma jikkuna kaɗan. Bayan Janairun 1994 abin ya juya, dabbobin Nijar suka yi wa 'yan Najeriya arha, kayan Kano suka yi wa Maraɗi tsada. Nijar ma takan rufe tata ƙofar, kamar yadda ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake a Oktoban 2024, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Can kuwa ba a manta Afrilun 1984 ba, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin takardun naira ta kuma rufe iyakoki, rufewar da ta kai har 1986. Nairar da ke hannun 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ba su samu shigowa da ita cikin wa'adi ba ta zama takardar banza, ga fari ya cinye daminar shekarar, ga hatsin Katsina da Kano ya daina zuwa. Yunwar da ta biyo baya, har yau tsofaffin ƙasar da sunan El-Buhari suke kiranta.